Ƙofar Wa Uba Zai Yi Sallama A Jami'a?

Duk wanda ya taso daga nan Dugabau, ko daga Garo, ko cikin garin Kabo ko Gwarzo, ya nufi birnin Kano a mota, ba makawa sai ya ratsa ta gaban sabon mazaunin Jami'ar Bayero, ya ga doguwar katangar nan da babbar ƙofa, samari da 'yan mata suna shiga suna fita kamar ran kasuwa. Da yawa cikin masu karanta wannan fili, malamai da fatake da masu kanti, suna da ɗa ko 'ya ko ƙane a bayan katangar nan, ko kuwa a Samaru ta Zariya, ko a Wudil, ko a Sakkwato. Da kuɗin masararsu da na gyaɗarsu da 'yar ribar kanti ake wannan karatu. Amma fa in ka ce wa mutum, "Alhaji, in wata magana ta taso game da yaronka, ƙofar wa za ka je ka yi sallama a can ciki?" sai ka ga ya yi shiru yana jan carbi. To, jama'a, wannan shirun muke so mu duba yau.

Mu fara daga gida. A makarantar allo, ran da za a sa yaro, ubansa ke kama hannunsa ya kai shi zauren malam da ɗan goro, ya ce, "Allah ya gafarta malam, ga amana." Tun daga ran nan mutum ɗaya ke riƙe da yaron gaba ɗayansa. Shi ya san ko ya fita babbaƙu ya shiga farfaru, shi ya san ran da ya wanke allo da ran da ya kasa biyawa, ya san in zazzaɓi ya kama shi, ya kuma san abokan da yake bi bayan an tashi. Gida kuwa ba ya rasa labari, domin an shirya karatun da alamu a kan hanya kamar zangon fatake. In yaro ya kai Sabbi a sani, in ya kai Amma a sani, in ya kai Tabara ko Yasin a yi tuwon sadaka ko waina a kai makaranta, har ran da za a zayyana allo a tara mutane walimar sauka. Ko kuɗin Laraba da wasu ke rainawa, ba don yawansu aka ɗora su ba. Igiya ce tsakanin zauren malam da gidan yaro, kowane mako sai an taɓa ta. Ba mu ce kowane malami ya riƙe amanar nan yadda ya kamata ba, kowa ya ga yaran da aka jibge a birane ba mai waiwayarsu. Amma asalin tsarin shi ne uba ya san fuskar wanda ya danƙa wa ɗansa.

Jami'a ba haka aka gina ta ba. Lalle ta ari kalmominmu, har babban rukunin karatu ana ce masa tsangaya, farfesa kuma a ce masa shehun malami, amma riƙon yaro dabam yake. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ita ke jarraba shi kafin shiga. In an ɗauke shi, sunansa da takardunsa suna ofishin magatakarda. Kuɗinsa yana ofishin ma'aji. Ɗakin kwanansa da halayensa suna ofishin kula da harkokin ɗalibai. Lafiyarsa tana asibitin makaranta, faɗansa da satar da aka yi masa suna wurin masu tsaro, karatunsa yana sashensu a hannun malamin da ke kula da ajinsu, wanda ɗalibai ke kira kodineta, sa'an nan sakamakon jarrabawarsa ba ya tabbata sai majalisar malaman jami'a ta zauna ta sa hannu. Watau an raba yaro kamar yadda ake raba sa ran watanda. Wannan ya ɗauki cinya, wancan ya ɗauki haƙarƙari, kowa ya san kasonsa sarai, amma ba wanda ya ga san a tsaye da ƙafafunsa huɗu.

Ba mugunta ta kawo haka ba, yawa ne. Ita Jami'ar Bayero tushenta a zauren malamai yake. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, Allah ya ji ƙansa, aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan. A 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. A cikinta ne a 1960 aka buɗe wani reshe mai shirya ɗalibai domin karatun jami'a, aka sa masa sunan Ahmadu Bello. Da aka buɗe babbar jami'a a Zariya a 1962 da sunan Sardauna, sai aka mai da wa ta Kano sunan Abdullahi Bayero, ta zauna ƙarƙashin Zariya. A 1977 ta tsaya da ƙafarta, Dokta Mahmud Tukur yana shugabanta na farko. A can farko ɗalibai ba su da yawa, malami yana iya sanin kowa da sunansa da garinsu. Yau kuwa dubban ɗalibai ne birjik, kuma doka ta yarda a ɗauki yaro tun yana ɗan shekara 16, watau wanda jiya jiya uwarsa ke tashinsa sallar asuba.

Inda rarrabuwar nan ta fi cizo wuri uku ne, kuma na farko kuɗi. A 2023, bayan an janye tallafin man fetur, kaya suka yi tsada, jami'o'in tarayya da yawa suka ƙara kuɗin rajista. A shekarar nan Gwamnatin Kano ta ware kimanin naira miliyan 700 domin biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar da ke Jami'ar Bayero. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, wanda ake kira NELFUND. Tambayar da kowane malami zai fara yi ita ce, akwai ruwa a ciki? Babu ruwa. Ba a kuma neman wanda zai tsaya wa yaro. Kuɗin makaranta ana tura shi kai tsaye ga jami'a, kuɗin guzuri kuma ga ɗalibi wata wata, ba a fara biya sai shekara biyu bayan ya gama bautar ƙasa. Wannan magana ce mai nauyi ga manomi, domin tana iya hana shi sayar da san nomansa. Amma ta ina ta fito? Ta intanet, da Turanci, cikin wayar yaro. In yaron kirki ne ya zo ya zauna ya bayyana wa ubansa. In ba na kirki ba ne ya karɓi rance can, ya karɓi kuɗin masara nan, ga kuma bashi ya hau wuyansa gida ba a sani ba.

Na biyu jarrabawa. A jami'a ana tara makin ɗalibi tun daga zangon farko har na ƙarshe, a fitar da matsakaicinsa, a yawancin jami'o'inmu bisa ma'auni biyar. Wanda ya kai huɗu da rabi shi ne mai daraja ta ɗaya. Wanda ya faɗi ƙasa da haddin da aka yanka sai a yi masa gargaɗi, in bai gyara ba a sallame shi. Tsakanin gargaɗi da sallama akwai watanni, kuma a cikin watannin nan ne maganar uba ko ta kawu za ta yi amfani. Amma takardar gargaɗi ɗalibi kaɗai ke ganinta. Ba kasuwar da za ka zauna a ƙasar nan ba ka ji labarin wani attajiri ko wani talaka da ya yi shekara biyu ko uku yana aika wa yaro kuɗi a birni, alhali tuni an soke sunansa, yana yawon unguwa da jaka a kafaɗa, kunya ta hana shi komowa gida. Ran da asiri ya tonu kuwa ba kuɗin ne ke kwantar da uba ba, shekarun ne.

Na uku lafiya da hali, shi ne kuma mafi tsanani. Kowa ya tuna yadda shan maganin tari mai kodin ya yi ɓarna cikin samari da 'yan mata, har Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a watan Mayu na 1918 da aka ƙara ɗari, watau 2018. Yaron da ya fara lalacewa alamunsa ba sa fitowa wuri ɗaya. Mai kula da ɗakin kwana ya ga ba ya kwana a ɗaki, kodineta ya ga ba ya shiga aji, likita ya gan shi sau biyu da ciwon da ba a gane kansa ba, mai tsaro ya taɓa kama shi da dare. Kowace alama ita kaɗai ƙarama ce. Sai an haɗa su wuri ɗaya take zama magana.

A nan ya kamata mu leƙa ƙasashen waje, domin sun riga mu taka wannan ƙaya. A Amurka da can jami'a tana tsaye ne a matsayin uba, tana hukunta ɗalibi yadda ta ga dama. A 1961 wata kotu ta yanke hukunci kan waɗansu ɗalibai baƙar fata da aka kora daga wata kwalejin gwamnati a jihar Alabama, ta ce ba a korar ɗalibi sai an saurare shi. Daga nan wannan matsayi na uba ya fara zagwanyewa. A 1974 suka yi doka wadda ta ce in yaro ya shiga jami'a, sirrin takardunsa nasa ne, ba a buɗe wa kowa sai da yardarsa, in ban da wurare kaɗan da dokar ta keɓe. Sai ofisoshi suka ɗauki abin da zafi, kowa ya kulle bakinsa. A 1998 aka sassauta, aka ce in wanda bai kai shekara 21 ba ya karya dokar giya ko ta ƙwaya, ana iya gaya wa iyayensa. Sa'an nan a 2007 wani ɗalibi mai taɓin hankali ya harbe mutum 32 a wata jami'a a jihar Bajiniya. Da kwamitin bincike ya zauna sai ya tarar malamansa sun ga alamu, 'yan sandan makaranta sun gani, masu ba da shawara sun gani, amma ba a haɗa labarin wuri ɗaya ba, ba a kuma sanar da iyayensa ba. Tun daga nan jami'o'insu da yawa suka kafa zama na musamman, inda wakilin asibiti da na ɗakin kwana da na tsaro da na malamai ke haɗuwa a kai a kai su duba ɗaliban da ake jin tsoro a kansu.

Ban da wannan, jami'o'insu da yawa suna da ofishi guda wanda ba shi da wani aiki sai iyaye da dangi. Ran da ake karɓar sababbin ɗalibai, a ware iyaye a ɗaki dabam, ma'aji ya zo ya yi bayanin kuɗi, likita ya zo, mai ɗakin kwana ya zo, shugaban tsaro ya zo. A ba su lambar waya ɗaya, a riƙa aika musu da labari, kowace shekara kuma a keɓe ranakun ziyarar dangi. A jihohin da masu jin Sifaniyanci suka yi yawa, kamar Kalifoniya da Tekzas, akwai jami'o'in da ke yin wannan taro da harshen iyayen, domin sun lura uban da bai taɓa shiga jami'a ba shi ya fi bukatar bayani. A Ingila ma Jami'ar Biristol, bayan ta yi rashin ɗalibai a jere, ta fito da wata takarda a 2018. Ran rajista ɗalibi ya rubuta sunan wanda ya yarda a kira in an ga rayuwarsa ko hankalinsa cikin haɗari. Fiye da kashi 90 cikin ɗari suka sa hannu.

Wannan na Biristol shi ya fi kama hankalina, domin ya yi kusa da abin da muka karanta. Ɗan jami'a baligi ne, alƙalami ya hau kansa, ba daidai ba ne a riƙa bin diddiginsa ana tona masa asiri kan kowane ƙaramin abu, kuma Nijeriya ma ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023. Amma malamanmu na Malikiyya sun bambanta balaga da rushudi. Ba a sakar wa yaro dukiya don ya balaga kawai, sai an ga ya iya riƙe ta. Wanda ya karanta Risala ya san kuma ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga, 'ya mace kuwa har ta tare a gidan miji. To, uban da ya zarce haddin wajibi yana ciyar da baligi shekara huɗu ko biyar ko shida saboda ilmi, ashe bai cancanci a gaya masa ko ilmin yana samuwa ba? Hanya madaidaiciya ita ce sharaɗi tun farko. Ran rajista ɗalibi ya sa hannu da yardarsa cewa abu uku ana iya gaya wa waliyyinsa: in an yi masa gargaɗin jarrabawa, in an kwantar da shi a asibiti, in an kai shi gaban kwamitin ladabtarwa. Sauran sirrinsa a bar masa.

Fatake sun fi kowa sanin maganin wannan al'amari. Da can in ayari ya isa Gwanja sayen goro, baƙo ba ya bin kasuwa rumfa rumfa yana tambaya. Wurin fatoma yake sauka. Fatoma ya ba shi ɗaki, ya yi masa tafinta, ya san dillalin da ya dace, ya tsaya masa in magana ta taso. Ba shi ke da goro ba, ba shi ke da jakuna ba, amma ya san ƙofar kowa. Abin da jami'a ke bukata ke nan domin iyaye: fatoma guda kusa da babbar ƙofa, mai jin Hausa, wanda ma'aji da magatakarda da likita da kodineta duk sun san wajibi ne su amsa kiransa. In babu wannan sharaɗi na ƙarshe, an ƙara ofishi ne kawai a kan ofisoshi, uba ya sami wani sabon benci da zai zauna jira.

Abin mamaki, kayan aikin duk suna nan a cikin gida, haɗawa ce ta rage. Jami'ar Bayero tana da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Tana da gidan rediyonta. Tana da sashen ilmin manya da hidimar jama'a, ga sashen Larabci, ga malaman tarbiyya masu koyar da ba da shawara. Me zai hana magatakarda ya ba da ranakun rajista da na jarrabawa da na hutu, ma'aji ya ba da adadin kuɗi naira da kwabo, masu harshe su mai da shi Hausa da boko da ajami a takarda ɗaya, masu rediyo su karanta? Kada wani ya ce ajami ya wuce zamani, yana nan a jikin naira 200 da 500 da 1,000 da ke aljihun kowa. A Samaru kuwa an daɗe da koyon yi wa mutanen karkara magana. Masu binciken noma sun fitar da irin masara da dawa da wake da gyaɗa, malaman gona suka bi ƙauyuka da rediyo da Hausa har iri ya isa gonakinmu. Jami'ar da ta iya kai wa manomi labarin iri ba za ta kasa kai masa labarin ɗansa ba.

Kada kuma a manta da uwaye. Yaro in ya shiga wahala, uwarsa yake fara kira, balle 'ya mace. Da yawa cikin matanmu ba za su je taro a birni ba, amma rediyo yana tsakar gida tun safe har dare. In aka shirya bayani domin uba kaɗai, an bar wadda ta fi kowa jin canjin muryar yaro a waya.

Iyaye su ma da nasu. Mun saba ba a jin muryarmu sai wuta ta kama. A 2022 malaman jami'a suka yi yajin aiki wata takwas cur, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, yara suka dawo gida suka yi damina guda a gona. Sai a lokacin aka ji ƙungiyar iyaye da malamai ta ƙasa ta ce kowane uba ya ba da naira 10,000 a taimaki jami'o'i, ƙungiyar malamai ta ce nauyin na gwamnati ne. A Jami'ar Legas akwai zauren iyaye tsayayye, ba sai rigima ta taso ba. Mu kuwa mutum zai kwana a hanya domin rakiyar buhun wake zuwa Dawanau, amma ran rantsar da sababbin ɗalibai ya ce ba shi da sarari. Ran nan ce ya kamata ya je da kansa, ko ya aiki ƙane mai hankali, ya ga ɗakin da yaro zai kwana, ya nemi kodineta su gaisa, ya karɓi lambar ofis. Duk kuɗin da ya bayar ya ce a kawo masa rasit, duk ƙarshen zango ya ce a bugo masa takardar sakamako, ya kai wa malamin firamare na gari ya karanta masa. Ba rashin yarda ba ne. Ko yaron kantinka da ka fi amincewa da shi, ai kuna zama ku yi lissafi.

A 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a kafa babbar makarantar koyon fasaha a nan Kabo, watau abin da muke hange a birni ya zo bakin ƙofarmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tun ofisoshinta ba su yi yawa ba, ya kamata hakimi da dagatai da limamai da shugabannin kasuwa su je su gaisa da shugabanninta, su roƙi ɗaki guda kusa da ƙofa domin iyaye, da takardar yarda ran rajista, da taro sau ɗaya a shekara wanda ma'aji da likita da malamai za su zauna tare a gaban jama'a su amsa tambaya da Hausa. Taron kuwa a sa shi da kaka, bayan an kai amfani rumbu, kada a sa shi ran Juma'a ko ran da kasuwar gari ke ci.